Filin Tambaya da Amsa: Yaya Za Mu Fahimtar da Yara Tsarki da Tsarkaka?

Wasiƙun wannan fitowar kusan duk a kan abu ɗaya suka taru: yadda za a bayyana wa yaro ma'anar tsarki a bangaskiyar Kirista, da kuma su waye ake kira tsarkaka ko waliyyai. Masu tambayar sun fito daga ikilisiyoyi dabam-dabam, don haka inda koyarwa ta rabu za mu faɗi abin da kowane ɓangare ya riƙe.

Ina koyar da yara 'yan shekara biyar zuwa takwas a makarantar Lahadi. Na ce musu Allah yana so mu zama masu tsarki, sai wani yaro ya ce shi ai ya yi wanka da safe. Ajin duka ya fashe da dariya, ni kuma na rasa ta cewa. Ta ina zan kama? (Wata malama daga Kafanchan)

Malama, yaron nan bai yi shirme ba, Hausa ya ji. A gida idan an ce "je ka yi tsarki", wanke jiki ake nufi bayan an zaga. Kalmar da ya sani ke nan, ita ya mayar miki. Aikinki na farko shi ne ki raba masa tsabta da tsarki.

A Littafi Mai Tsarki tushen kalmar shi ne keɓewa. Abu mai tsarki abu ne da aka ware domin Allah. Ranar Asabaci ba ta fi sauran ranaku tsabta ba, amma an keɓe ta (Fitowa 20:8). Ƙasar da Musa ya tsaya a kai gaban kurmi mai cin wuta ƙasa ce irin ta ko'ina a jejin, da ƙura da tsakuwa, amma aka ce ya tuɓe takalmansa domin Allah yana wurin (Fitowa 3:5). Da yaro ya kama wannan, sauran bayanin zai zo da sauƙi.

Ga darasin minti ashirin da za ki iya yi. Ki zo da kwanuka uku iri ɗaya, da alli ko ɗan tef. Ki jera su, ki tambayi yara ko akwai bambanci. Za su ce babu. Sai ki yi wa ɗaya alama, ki ce wannan kwanon Baba ne. Ki tambaya: a gidanku ana zuba wa kaji dussa a kwanon Baba? Ana ɗiban toka da shi? Za su amsa da ƙarfi. To me ya bambanta shi, alhali ƙarfensu ɗaya? Mai shi. Wannan kashin kada ya wuce minti biyar. Minti bakwai na gaba ki ba da labarin Musa da kurmin, ki bar su su tuɓe takalma in an kai wurin. Sauran lokacin ki koya musu gajeriyar aya guda, Firistoci 19:2, inda Allah ya ce wa jama'arsa su zama tsarkaka domin shi mai tsarki ne, ki kuma sa kowane yaro ya faɗi sunansa ya ƙara da "ni na Allah ne."

Sai ki kula da jerin bayanin. Kwanon Baba ba don an wanke shi ya zama na Baba ba. Don na Baba ne ake wanke shi. Malamai da yawa sukan juya wannan, su fara da "ka daina ƙarya, ka daina zagi, sannan ka zama mai tsarki." Yaro kuwa sai ya ɗauka tsarki lada ne da ake ba wanda ya fi natsuwa a aji. Daga nan mai kunya ya ga kansa ya fi kowa, mai ƙiriniya kuma ya yanke ƙauna tun yana ɗan shekara shida.

Abu ɗaya kuma: ki guji misalin farin ƙyalle da baƙin tabo idan za ki ce "fari tsarki, baƙi zunubi." Yaran da ke gabanki baƙaƙe ne, kuma suna jin magana fiye da yadda muke zato. Ki ce datti ko tabo, ya wadatar.

Fastonmu yakan ce "tsarkakan Allah, ku tashi tsaye." Ni kuma jiya na yi faɗa da ƙanena har na fasa masa leɓe. Ina cikin waɗanda ake cewa su tashi, ko in zauna? (Yaro ɗan shekara goma, Wusasa)

Ɗana, ka tashi. Amma ka fara zuwa wurin ƙanenka.

Ka buɗe wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Korintiyawa. A aya ta biyu ya kira su waɗanda aka tsarkake cikin Almasihu Yesu, kirayayyu su zama tsarkaka. Ka ci gaba da karantawa ka ga irin mutanen. Sun rabu ƙungiya-ƙungiya suna gardama, suna kai juna kotu, wasunsu har buguwa suke yi a wurin jibin Ubangiji. Bulus ya tsawata musu sosai, amma bai janye sunan ba. Abin da yake ce musu shi ne: tun da ku na Allah ne, wannan halin bai dace da ku ba.

Don haka kalmar tana da fuska biyu. Ta farko kyauta ce: Yesu ya saye ka, ka zama nasa. Ta biyu girma ce, kuma tana ɗaukar dukan rayuwa. Ka taɓa ganin yadda ake rini a marina? Ba a tsoma yadi sau ɗaya a ce ya rinu. A tsoma, a ɗaga ya sha iska, a sake tsomawa, sannu a hankali shuɗin yana kamawa. Haka Ruhu Mai Tsarki yake aiki da halin mutum.

Abin yi yau guda uku ne. Ka gaya wa Allah abin da ka yi da sunansa, ba "ka gafarta mini zunubaina" kawai ba. 1 Yahaya 1:9 ta ce idan muka furta, shi mai aminci ne zai gafarta. Ka ba ƙanenka haƙuri ba tare da "ai kai ka fara" ba. Sannan ka gaya wa Mama da bakinka idan ba ta san yadda abin ya faru ba. Bitrus ya yi musun Yesu sau uku a dare ɗaya, duk da haka shi Yesu ya ce wa ya yi kiwon tumakinsa, wato masu binsa.

Mu 'yan ECWA ne, amma 'ya'yana suna makarantar Katolika. Sun dawo suna cewa Waliyyi Yusufu, Waliyyi Bitrus, har ƙaramar ta tambaye ni me ya sa mu ba mu da waliyyai. Ba na so in zagi makarantarsu, ba na kuma so in bar su cikin ruɗu. (Wani uba daga Jos)

Baba, kun yi daidai da ba ku fara da zagi ba. Ku fara da inda aka yarda da juna, domin wurin yana da faɗi. Katolika da Furotesta duka sun yarda Allah kaɗai ne mai tsarki daga kansa, duka sun yarda kowane mai bi an kira shi zuwa ga tsarki, kuma masu karanta Shaidar Bangaskiya ta Manzanni duka suna furta tarayyar tsarkaka. Babban taron bishop-bishop na Katolika da aka yi a Batikan ya jaddada a 1964 cewa kiran nan na kowa ne, ba na Fada da Sista kaɗai ba.

Rabuwar tana wuri biyu. Na farko, Katolika suna da hanyar da Ikilisiya take bi ta shaida a fili cewa wani mamaci yana wurin Allah kuma rayuwarsa abin koyi ce. Shi ake kira waliyyi. Ikilisiyoyi irin su ECWA da COCIN da EYN da Baftis ba su da wannan tsari, suna barin kalmar tsarkaka ga dukan masu bi kamar yadda Bulus ya yi amfani da ita. Na biyu, roƙo. Ɗan Katolika yakan ce wa waliyyi "ka yi addu'a dominmu", kamar yadda ake roƙon ɗan'uwa a ikilisiya ya sa mutum a addu'a, kuma yakan nuna Wahayin Yahaya 5:8 inda ake miƙa addu'o'in tsarkaka a gaban kursiyi. Furotesta kuwa yakan tsaya a 1 Timoti 2:5, cewa matsakanci ɗaya ne tsakanin Allah da mutane, ya ce ba a umarce mu mu roƙi waɗanda suka riga mu ba. Wannan matsayi tsoho ne: shaidar bangaskiyar Lutaran ta Augsburg a 1530 ta ce a tuna da tsarkaka a yi koyi da bangaskiyarsu, amma kada a kira su neman taimako. Angalikan suna tsakiya ta wata fuska, suna da ranakun tunawa da tsarkaka a kalandarsu. Ikilisiyar Ingila tana tunawa da Bishop Samuel Ajayi Crowther ranar 31 ga Disamba.

Kada ku gaya wa yaran cewa Katolika suna bauta wa waliyyai. Koyarwar Katolika ta raba sujada, wadda ta Allah ce kaɗai, da girmamawa, wadda ake yi wa waliyyai, kuma wannan rarrabewa tana nan tun taron Nikiya na biyu a shekara ta 787. Kuna iya ƙin yarda da roƙon waliyyai ba tare da ɗora wa mutane abin da ba su faɗa ba. Ran da yaran suka gano an ƙara gishiri a wannan, za su yi shakkar sauran abin da aka koya musu a gida.

Ga ƙaramar, amsa gajeriya ta isa: "Muna da su, 'yata. Muna koyi da Yusufu da Bitrus kamar yadda abokanki suke yi. Bambancin shi ne mu ba ma roƙonsu su yi mana addu'a, su kuma suna yi."

Game da kalmar kanta: waliyyi daga Larabci ta shigo, kuma maƙwabtanku Musulmi suna amfani da ita ga bayin Allah na kusa. Kalma ɗaya ce, amma kowane addini da bayaninsa, yana da kyau yaran su san haka kafin gardamar bakin famfo ta same su.

Ni katikis ne. 'Yan ajin tabbatarwa, shekara goma sha ɗaya zuwa sha huɗu, sun tambaye ni yadda Paparoma yake "naɗa" waliyyi. Ina son matakan a jere. (Daga Yola)

Malam, ka fara gyara kalmar. Paparoma ba ya naɗa waliyyi kamar yadda sarki yake naɗa hakimi. Allah ne yake tsarkakewa. Ikilisiya bincike take yi ta kuma shaida. Waliyyan da ba a san sunansu ba sun fi waɗanda aka rubuta yawa nesa ba kusa ba, domin su ne ma ake bikin dukan tsarkaka ranar 1 ga Nuwamba.

A ƙa'ida sai mutum ya shekara biyar da rasuwa kafin a buɗe maganarsa, domin zafin makoki da yabon jana'iza su lafa. Paparoma yana iya ɗage wannan, kamar yadda aka yi wa Uwa Teresa ta Kalkata da Paparoma Yohanna Bulus na Biyu. Bishop na yankin da mutumin ya rasu shi ne yake buɗe bincike. A tattara duk abin da ya rubuta, a saurari shaidu bisa rantsuwa, har da waɗanda ba su ga alherinsa ba. Daga wannan lokaci ana kiransa Bawan Allah.

Sai a kai takardun Roma, ofishin da ke kula da al'amuran waliyyai. Masana tauhidi da tarihi su duba ko ya rayu cikin bangaskiya da bege da ƙauna, da hikima da adalci da jimiri da kamunkai, fiye da yadda aka saba gani. Idan Paparoma ya amince, ya zama Abin Girmamawa.

Mataki na uku shi ne Mai Albarka. Nan ana bukatar mu'ujiza guda da ta faru bayan rasuwarsa ta wurin roƙonsa. Yawanci warkarwa ce, kuma likitoci ne suke fara dubawa: dole ta zama nan take, cikakkiya, mai ɗorewa, wadda ilimin likita bai iya bayyana ta ba. Wanda aka kashe saboda bangaskiya, wato shahidi, ba a neman mu'ujiza a wannan matakin. A 2017 Paparoma Faransis ya ƙara wata hanya domin wanda ya ba da ransa da yardarsa saboda wasu, amma shi ana neman mu'ujizar.

Na huɗu, Waliyyi. Ana bukatar wata mu'ujiza ta biyu bayan an kira shi Mai Albarka. Mai Albarka ana girmama shi a yankinsa ko ƙungiyarsa. Waliyyi kuwa a dukan Ikilisiya.

Yara sukan tambayi tsawon lokacin. Ka ba su misali biyu. Yohanna Bulus na Biyu ya rasu a 2005, ya zama Mai Albarka a 2011, waliyyi a 2014. Martin de Porres na birnin Lima a Peru ya rasu a 1639, sai a 1962 aka shaida shi. Yawancin maganganu suna tsayawa a hanya: shaidu sun mutu, takardu sun ɓace, mu'ujiza ba ta tabbata ba, ko babu kuɗin ci gaba da binciken. Tsayawar ba ta nufin mutumin ba ya wurin Allah.

Ka kuma gaya musu tsarin bai kasance tun farko ba. Bitrus da Bulus da Istifanus ba su bi ta waɗannan matakai ba. Jama'a da bishop ɗinsu ne suke girmama shahidansu. Wanda aka fara sanin Paparoma ya shaida shi ne Ulrich na Augsburg, a shekara ta 993. A aji, ka zana tsani mai hawa huɗu a allo, ka rubuta sunaye shida a kati, yara su ɗora kowane suna a hawansa. Minti goma sha biyar ya isa.

'Yata mai shekara tara ta duba hotunan da ke littafin addu'arta ta ce, "Mama, waliyyai duk Turawa ne kuma tsofaffi." Akwai baƙar fata? Akwai yara? (Wata uwa daga Maraɗi)

Akwai, Mama, kuma wasunsu sun fi na cikin hoton daɗewa. Perpetua da Felisita mata ne matasa da aka kashe a Kartaj, ƙasar Tunisiya ta yau, a shekara ta 203. Agustin, wanda Katolika da Furotesta duka suke karanta rubuce-rubucensa har yau, an haife shi a 354 a garin da yanzu yake Aljeriya. Ya daɗe yana yawon duniya, uwarsa Monika tana ta addu'a da hawaye, sai a 387 aka yi masa baftisma. Musa Baƙi kuwa ɗan fashi ne kafin ya tuba ya shiga zaman ibada a hamadar Masar.

Wadda za ta fi kama zuciyar 'yarki ita ce Josefin Bakhita. An haife ta a Darfur ta Sudan wajen 1869. Tana ƙarama masu farautar bayi suka sace ta, aka yi ta sayar da ita hannu zuwa hannu, har azaba ta sa ta manta sunan da iyayenta suka raɗa mata. Bakhita suna ne da masu satar suka ba ta, ma'anarsa mai sa'a. Daga baya aka kai ta Italiya, kotu ta tabbatar mata da 'yanci, aka yi mata baftisma a 1890, ta zama Sista. Shekaru da yawa aikinta girki ne da ɗinki da tsaron ƙofa a garin Schio. Ta rasu 8 ga Fabrairu 1947, aka shaida ta waliyya a shekara ta 2000. Abin da za ki jawo hankalin yarinya a kai shi ne ta yafe wa waɗanda suka cuce ta, kuma aikin da ta yi ba ya wuce na madafa da bakin ƙofa.

Daga Najeriya akwai Fada Cyprian Michael Iwene Tansi, haifaffen yankin Aguleri a 1903. Ya zama Fada a 1937, ya yi ta zaga ƙauyuka da ƙafa da keke, daga baya ya tafi gidan masu zaman ibada a Ingila inda ya rasu 20 ga Janairu 1964. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya shaida shi Mai Albarka a Oba kusa da Onica ranar 22 ga Maris 1998. Shi ne ya yi wa Kadinal Francis Arinze baftisma yana yaro.

Yara kuma, akwai Kizito na Yuganda, ɗan kimanin shekara goma sha huɗu, mafi ƙanƙanta cikin shahidan da Sarki Mwanga na Biyu ya sa aka kashe. An ƙone da yawansu a Namugongo ranar 3 ga Yuni 1886. Cikin waɗanda ake tunawa akwai 'yan Katolika 22 da 'yan Angalikan 23, abin da ya kamata yaran ɓangarorin biyu su sani. Akwai Dominik Sabiyo na Italiya da ya rasu yana da shekara goma sha huɗu a 1857, da Carlo Acutis, yaro mai son kwamfuta da ya rasu a 2006 yana da shekara goma sha biyar, aka shaida shi waliyyi a 2025.

Amma ki auna labarin da shekarun mai ji. Ƙasa da shekara bakwai, "an kashe shi domin ya ƙi rabuwa da Yesu" ya isa, ba sai an kawo wuta da sara ba. Daga takwas zuwa sha ɗaya ana iya faɗin yadda aka yi a jimla ɗaya, a daɗe a kan yadda babbansu Charles Lwanga ya ƙarfafa ƙananan. Kada a ba da irin wannan labari dab da barci. Kada kuma a rufe shi da "ke za ki iya mutuwa domin Yesu?" Tambaya ce da manya ma ba su san amsarta ba sai ranar ta zo, yaro kuma ko dai ya yi ƙarya don ya faranta miki, ko ya kwana da tsoro.

Mene ne faifan hasken da ake zanawa a bayan kan waliyyai? Da gaske suna da shi? (Yarinya 'yar aji huɗu, Gombe)

A'a, 'yata, ba su yi yawo da shi a kasuwa ba. Alama ce ta masu zane, domin a zamanin da mutane da yawa ba su iya karatu ba, a gane wanda aka zana. Haka ma ake ba Bitrus mabuɗai a hannu saboda Matiyu 16:19, Bulus kuma takobi. Ki ɗauki madubi ki tare hasken rana ki jefa shi a bango. Hasken na madubin ne? Ki juya shi ga duhu ki gani. Abin da mai zanen yake nufi ke nan.

Jikana ɗan shekara bakwai ya koma shiru-shiru. Kome ya yi sai ya tambaye ni ko zunubi ne, ko dariya ya yi a coci sai ya yi kuka. Uwarsa ta ce ai tsoron Allah ne ya shige shi. Ni hankalina bai kwanta ba. (Wata kaka daga Zonkwa)

Kaka, hankalinku ya gaya muku gaskiya. Yaron da yake tambaya sau goma a rana ko ya yi zunubi firgita ce take damunsa. Yawanci daga bakin manya take fitowa: "Allah yana ganinka", "za ka shiga wuta", ana faɗa don a samu yaro ya zauna wuri ɗaya. Maganar tana aiki nan take, shi ya sa ake yawan yin ta, amma yaro yakan tashi da hoton Allah a matsayin mai bulala da ke laɓe.

A raba masa abubuwa uku da manya suke haɗawa. Akwai kuskure, kamar zubar da kunu. A goge kawai. Akwai rashin ladabi, kamar surutu lokacin wa'azi. A koya masa. Akwai zunubi, wato ya san abu ba daidai ba ne ya kuma zaɓe shi, kamar ƙarya ko cin zalin ƙarami. Nan ne ake tuba. Idan ya tambaya, a ba shi amsa ɗaya gajeriya, "wannan kuskure ne, ba zunubi ba", a wuce. Doguwar lallashi kowane lokaci tana ƙara wa tambayar ƙarfi.

Sannan a ba shi ma'auni mai kyau. Galatiyawa 5:22-23 ta lissafa abubuwa tara da Ruhu yake haifarwa: ƙauna, farin ciki, salama, haƙuri, kirki, nagarta, aminci, tawali'u, kamunkai. Ku lura farin ciki ne na biyu, kuma shiru ba ya cikin jerin. A ɗauki guda ɗaya kowane mako, mako tara ke nan. Da dare, minti biyar: abu ɗaya da zai gode wa Allah a kai, wuri ɗaya da ya ga halin wannan makon a wurin wani, abu ɗaya da zai nemi gafara idan akwai. A ƙare da sa masa albarka, kullum, ko ranar da ya yi ɓarna. A karanta masa Markus 10:13-16, inda almajirai suka kori yara Yesu kuma ya ji haushin almajiran.

Idan bayan wata ɗaya ko biyu abin bai ragu ba, ko ya daina cin abinci, ko barci ya gagare shi, ko yana maimaita addu'a ɗaya har sai ya ga "ta yi daidai", a kai shi wurin likita, a kuma bincika a hankali ko wani yana tsorata shi a makaranta ko a unguwa.

Mahaifiyata ta rasu bara. Ɗana ya tambaye ni ko kakarsa ta zama waliyya. Me zan ce? (Daga Kano)

Allah ya ƙara muku haƙuri. Ka gaya masa abin da ka sani: ta ba da gaskiya ga Yesu, kuma Yesu ya yi alkawari ba zai yar da wanda ya zo gare shi ba (Yahaya 6:37). Wahayin Yahaya 7:9 ta yi maganar taro mai yawa da ba mai iya ƙirgawa, daga kowace al'umma da kabila da harshe, kuma ba a jera sunayensu ba. Idan gidan Katolika ne, ka bayyana masa cewa 1 ga Nuwamba ta dukan tsarkaka ce, sanannu da waɗanda ba a sani ba, 2 ga Nuwamba kuma ranar yi wa matattu masu bi addu'a ce, kuna iya ba da sunanta a tuna da ita a Mas, wato sujadar Katolika. Idan gidan Furotesta ne, ba a yi wa mamaci addu'a, ana gode wa Allah ne domin rayuwarsa.

Kada a ce masa ta zama mala'ika. Mutane ba sa komawa mala'iku a koyarwar kowane ɓangare. Kada kuma a ce "tana kallonka" don a hana shi ɓarna. Ku zauna da hotonta, kowa a gidan ya faɗi hali ɗaya nata da ya gani da idonsa, ko da yadda take ajiye tuwo ne domin baƙon da bai zo ba tukuna. Shi yaron a ba shi takarda ya rubuta su, a saka a cikin Littafi Mai Tsarki na gidan wajen Ibraniyawa sura 11.